Kada A Jefar Da Ƙarfen Nan Mai Tabo

Ni Lonnie Prewitt, mazaunin Salmon a jihar Idaho, na rubuta wannan da hannuna, da hankalina cikakke, babu maganin da ya juya mini kai. Shekarata talatin da shida. Likita ya ce ciwon hantar nan ba zai bar ni in ga ƙanƙarar bana ba. Jolene, Emmett, ubanku bai yi nisa a makaranta ba, don haka ku bi rubutun a hankali.

Na ɗaya. Duk wanda ya ce muku harsashin ubanku ne ya cire wa Baffa Darrell yatsu biyu, ku dube shi ku ce ba haka ba ne. An wanke ni a gaban mutum goma sha tara.

Shekara huɗu ke nan da bindigar hannu ta fashe wa yayan nawa a filin ƙungiyar harbi. Daga akwatina harsashin ya fito, ga sunana a murfi, kuma kowa ya san ni ke tsince kwanson da aka harba ina sake cika shi a gareji. Aka ce sau biyu na zuba albarushi. Aka hana ni filin. Mutanen da ke kirana Kunkuru saboda sai in wuni a kan harsashi hamsin, su ne suka ce na yi garaje. Ban iya musu ba. Ba ni da wata shaida a hannu.

Ƙarfen da nake matse kwanso da shi na hannu na saya, yana da ɗan tabo a ciki. Duk kwanson da ya bi ta cikinsa sai ya fito da zane siriri kamar gashi. Dattijo Orval, shugaban ƙungiya, ya ajiye fasasshen kwanson a kwalba yana tsorata sababbin shiga da shi. Na roƙa in gani, na sake roƙo, ya ƙi, sai da ya ji ba ni da lafiya. Watan jiya na jera nawa guda ɗari a teburin taro, na sa wancan a tsakiya, na miƙa masa gilashin ƙara girma. Kowane da zanensa, ban da fasasshen. Darrell ya miƙe ya ce, "A kasuwar bindigogi na sayo harsashi jaka guda wajen wani, da araha. Akwatinka ya fi kyau, ƙanena, shi ne na juye a ciki." Orval ya cire hularsa ya ce, "Kunkuru, ka sha hanya, amma ka iso." Tun ranar nake cin abinci kamar mai lafiya.

Na biyu. Injin matsi, ma'auni da ƙarafan duka na Jolene ne, don ita ce ba ta gajiya da duba abu. Kada a raba su a sayar. Kowane ƙarfe da girman kwanson da aka yi shi dominsa, na wannan ba ya zama na wancan ko da ya shiga. Mai tabon nan kuwa, ko an ba ki sabo kyauta, ki riƙe shi.

Na uku. Bindigata ta Emmett ce, amma makullin akwatinta na wajen mahaifiyarku Shelby har sai doka da ita sun yarda. Albarushin da ya rage a kai wa Orval, kada ya zauna a gidan da babu mai kula da shi.

Na huɗu. Idan kun girma kuna son aikin, ku koya a gaban wanda ya iya. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur. Kada ku harba abin da wani ya cika, kada kuma ku zuba na wani a akwatinku.

Na biyar. Baffanku ya yi shiru shekara huɗu, na sani. Amma da bakinsa ya faɗi gaskiya a gaban abokansa, kuma shi ne zai ƙare rayuwa da yatsu takwas. Na yafe masa. Kada ku ɗauki fushin da ni mai shi na ajiye. Ranar bikin Godiya na kowace shekara ku je gidansa, Emmett ya yanka masa naman talo-talo, don wuƙa tana ba shi wahala.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku. Ku zauna tare, ku da gidan baffanku. Sunan da na bar muku fes yake, ku faɗe shi da ƙarfi duk inda aka tambaye ku.