Takalmanki a Ƙofar Ɗakin Likita

Assalamu alaikum Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yau shekara biyu da wata bakwai rabona da gida. Ina Tamanraset ta ƙasar Aljeriya, ina kwaɓa siminti a ginin mutane. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma maganar nan ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Rabi ce ba lafiya, autarki. An ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi mata aiki. Tun da na ji, ranarki ta ƙarshe ta dawo mini sabuwa.

Kin tuna, a amalanke muka fito da ke ta cikin rairayin garinmu Sukukutane har bakin hanyar mota, cikinki kwana huɗu a kumbure. Da muka isa ƙofar ɗakin likita sai kika tuɓe takalmanki, kika jera su, kika zauna ƙasa, ga benci kuwa. Kika ce mini, "Ba a faɗa wa babba ɗaki sai ya yi kira." Na bi, don haka kika rene ni.

Tun hantsi muke nan har azahar. Alhazan kasuwa da matan ma'aikata na zuwa, su ƙwanƙwasa da makullin mota, su gaisa da faransanci, su shige da takalmansu. Sau uku likitan ya fito yana tsallake naki. A na ukun na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ki daga tsaye, ya ce wanda ciwo ya ci da gaske ba ya zama shiru haka.

Inna, ina zai san haihuwa tara kika yi ba wanda ya taɓa jin muryarki? Dauriyar da ake yabonki da ita a garinmu, ita ya ɗauka sauƙi ne. Da la'asar ya rubuta ordonans, takardar sayen magani, bai ko taɓa cikinki ba. Kafin in dawo daga farmasi kin daina gane mutane.

Ba zan ci haƙƙin kowa ba. Shi kaɗai ne likita ranar, ko ruwa ban ga ya sha ba. Akwai kuma wata mai jinya, Kirista ce, da ta bar abincinta ta shimfiɗa miki zanenta, ta ɗaura miki ƙarin ruwa, ta riƙe hannunki har kika cika. Ita ta ce mini hanji ne ya murɗe, da an duba da safe da wata magana ake. Na yarda ajali ne. Amma ni ma ina da baki ranar, na zauna ina ladabi.

To, wannan likitan yanzu ya buɗe kilinik tasa, asibitin kuɗi. Da mijin Rabi ya je da kuɗin ganin likita a hannu, kujera aka ba shi, har da ruwan sanyi. Jikka ɗari biyu da hamsin na sefa ya yanka, ya ce kada a wuce babbar salla. Kowa na cewa hannunsa na da kyau, ban musa ba. Gare shi zan kai gumina, Inna, ba yadda na iya.

Jiya na kira Rabi a waya na ce mata ranar da za ta je kada ta zauna ƙasa, in ciwo ya taso ta yi ihu kowa ya ji. Sai ta ce ba haka kika koya mana ba. Na ce na sani. Ki gafarce ni, ni na warware tarbiyyarki da bakina.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya tashi kafaɗun Rabi. Ya saka wa mai zanen nan da alheri. Shi kuma likita, Allah Ya nuna masa abin da ya tsallake.

Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Hamidu.

Abin da na tara zuwa yau jikka ɗari da sittin da huɗu. Saura tamanin da shida, salla kuma saura mako tara.