An Ce In Kwatanta Ka, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga gidanmu na Ƙofar Gayan.

Shekara goma sha tara ke nan da ka bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa. Yanzu jirgin sama ake shiga, wata ɗaya an dawo. Kai har yau shiru.

Ni dai na zama malamin Turanci. Ranar Litinin na koya wa 'yan aji bakwai kalmar "vividly". Na ce musu ana sa ta ne idan abu ya fito wa mutum tar a zuci, ko ya ba da labarinsa har mai sauraro ya ga kamar a gabansa ake yi. Na hana su manna ta a kowane layi. Wanda ba zai iya faɗin launin abu da ƙamshinsa ba, kada ya taɓa ta. Na fito aji ina jin daɗin kaina.

Da la'asar wani Alhaji mai fataucin turare ya yi sallama. Ya ce akwai wani tela Bazazzagi a Sudan, shi ma Sani, amma in kwatanta ka ya ji. Yaya, na buɗe baki, iyakar abin da ya fito: dogo ne, baƙi. Ya ce ai rabin Zariya ke nan.

Kwana uku ina lalube. Ina ganin yatsanka da allura ta cinye wurin ɗinkin aska takwas. Ina jin muryarka a zaure: "Iro, karatu naka, allura tawa." Fuskarka kuwa ta ƙi zuwa.

Inna za ta iya, amma ban gaya mata ba. Wannan ne Sani na huɗu da aka kawo mana labarinsa, kuma kowanne sai da ya kwantar da ita mako guda. Na gaji, Yaya. Ita ma ƙarfin ya ƙare.

Alhajin zai koma Sudan ranar Asabar, shi zai riƙo wannan takarda. In kai ne, ba na neman dalili. Rubuto mini sunan da Inna take kiranka da shi, tunda ba ta faɗin na yanka. Da shi kaɗai zan shiga ɗakinta.

In kuma ba kai ba ne, bawan Allah, ka yafe mini. Amma kai ma ka rubuta gida, akwai mai jiranka.

Allah ya tsare ka inda kake, ya sada mu Inna tana da rai. Amin.

Ƙaninka,
Iro