Gonarki Ta Saga Tana Nan

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Mariama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hadiza, babbar ƴarki, wadda kika laƙaba wa Madam Wasa. Na rubuto ne in ba ki labarin gonarki ta shinkafa da ke Saga, domin saura ƙiris ta bar hannunmu.

Kin san aikina, ko da yake ba ki taɓa ɗaukarsa aiki ba. Kasuwanci nake koyarwa a lakkol, wato makarantarmu ta unguwar Plateau, rabin darasin kuma wasa ne a ordinatar, wato kwamfuta. Mutum huɗu nake zaunarwa: manomi, mai injin casa, mai sari, sai mai awo a kasuwa. Ba a yarda su yi magana da juna ba. Kowa sai dai ya aika wa na bayansa yawan buhun da yake so, kayan kuma ba sa isowa sai an yi jira. Ranar da na bayyana miki haka kina bakace, kika yi dariya har faifan ya kusa suɓuce miki. Kika ce ashe yanzu biyan mutum ake yi ya tara ƙattai ya sa su wasa.

Ƙanwata Balki ce ta gaje ki, Inna. Ta gaji rumfarki ta shinkafa a unguwar Lazaret da masu sayen kayanki, har dariyar nan ma ba ta bar mini ba.

Bara kogi ya cika ya shanye gonakin Saga, shinkafa ta yi wuya. Matan da ke dafa abincin sayarwa suka yi wa Balki ca. Mai ɗaukar buhu biyu ta ce biyar take so, mai uku ta ce takwas. Balki ta ga kasuwa ta buɗe, sai ta yanke shawarar sayar da gonar ta sauke kamiyo guda, wato babbar motar kaya, na shinkafar waje. Har mai saye ya je ya taka gonar. Na yi magana har bakina ya gaji, amma kin san ƙanwata, idan ta kafe ko ke sai kin yi da gaske.

Abu ɗaya na roƙe ta: ta zo ajina ranar Asabar kafin ta sa hannu. Ta zo kuwa, da babban mayafi da ƙamshin turare, don ta samu abin tsokanata. Na ba ta kujerar mai sari a tsakanin ɗalibaina.

Ana farawa na ƙara yawan masu saye ɗan kaɗan, sau ɗaya tak. Kayan Balki suka ƙare, ta ninka abin da take nema. Ba su iso ba, ta sake ninkawa, tana hararar ɗalibin da ke riƙe da injin casa kamar shi ya ɓoye mata su. Can sai komai ya iso lokaci guda, ga buhuna har rufi, mai awo kuwa ya daina neman ko ɗaya. Da na nuna musu abin da masu saye suka ƙara tun farko, bai kai ya kawo ba. Sauran duk tsoro ne, kowa ya ɗora nasa a kan na ɗan'uwansa.

Balki ta ƙura wa lissafin ido. Sannan ta faɗi maganarki, wadda ni ban taɓa ji ba, don lokacin da take zaune gefenki a rumfa ni ina aji: "Ranar da babu kaya, mai neman biyar biyu take so, ta dai san ba duka za a ba ta ba."

A nan na gane yawon da kike yi bayan la'asar duk shekarar da kaya suka yi wuya. Ki yafa mayafi ki bi masu sayen kayanki gida gida, ki gaida yara, ki sha ruwa, idonki yana kan girman tukunya. Na ɗauka zumunci ne kawai. Zumunci ne kam, amma kina komowa kin san buhu nawa kowace take dafawa a gaskiya. Wallahi Inna, kin burge ni, har ƙwalla ta cika mini ido a gaban ɗalibai.

Washegari Balki ta ɗauki hanyarki. Ta tarar wata ta nemi buhu biyar a wurinta, ta kuma nemi biyar biyar a wasu rumfuna biyu, duk don tukunya ɗaya. Ta saro daidai abin da zai ishe su, ta ba mai sayen gona haƙuri. Ba a jima ba motocin shinkafa suka shigo gari, farashi ya faɗi. Da ta sauke kamiyon nan, da yanzu ba gona, ba riba.

Na ƙara doka ɗaya a wasan. Bayan an sha kashi a zagaye na farko, sai in bar kowa ya tashi ya je ya tambayi maƙwabcinsa abin da yake bukata da gaske. Ɗalibai suna kiransa zagayen Hajiya, kuma duk wanda ya yi shi ba ya sake cika sitonsa a banza. Balki dai har yau Madam Wasa take ce mini.

Ruwa ya janye, an sake dashe a Saga. Jiya aka casa shinkafar fari, muka auna tiya ta farko, wato kwanon awo, muka kai sadaka da sunanki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya kuma haɗa fuskokinmu a can. Gonarki tana nan, Inna, kuma ta yi kyau bana.

Ƴarki mai kewarki,
Hadiza