Jiran Tsuntsu a Gonar Baba

Lahadi, 9 ga Yuli, 2023

Yau ma Baba bai gama tuwonsa ba. Loma kaɗan ya yi, ya ture kwanon. Na san miyar ba gishiri, ni na hana a sa. Na tambaye shi ko in dama masa kunu, sai ya ce, "Duk yadda kika ce, Likita."

Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma ya sani sarai. Da can tsokanata yake yi da sunan, ya faɗa yana dariya har sai Umma ta ce ya ƙyale mata 'ya. Yanzu babu dariya a ciki. Tun da na ɗauko shi daga ƙauye na kawo shi nan Haɗeja, bayan ambaliyar bara da ciwon da ya taɓa masa ɓarin hagu, amsarsa ke nan ga komai. Wanka? Duk yadda kika ce. Magani? Duk yadda kika ce. Mutumin da idan ya yi kira daga gona ake jin sa a bakin masallaci.

Na auna jininsa safe da yamma. Bai sauka yadda nake so ba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ruwa tun hantsi. Na zare batirin rediyonsa na ce ya ƙare, don kada ya ji ana maganar kogi. Ya dube ni, ya dubi rediyon, ya tura ta ƙarƙashin matashi. Ni kuwa na wuni ina leƙa waya ina neman labarin kogin.

Asabar, 29 ga Yuli

Kawu Hamman ya zo daga ƙauye, ƙanen Umma, shi ya noma wa Baba gonarsa ta fadama bana. Ya kawo bandar kifi da surutu. Kafin ya shiga ɗakin na tare shi a tsakar gida na ja masa kunne: ban da maganar ruwa, ban da maganar gona, ban da goro. Ya ce to in ba shi takardar abin da zai faɗa, ya karanta. Kawu ke nan.

Bai ji ba, dama na san ba zai ji ba. Ina kicin na jiyo shi yana cewa shinkafa ta yi baƙi ƙirin don kyau. Sai na ji muryar Baba, tambaya yake yi, wane iri aka shuka, an gyara kunyar gabas ko an bar ta. Na tsaya da ludayi a hannu. Rabon da in ji ya yi tambaya har na manta. Na so in shiga in katse su, na kuma so su kai magariba suna yi.

Da Kawu ya tafi na auna shi, jinin ya ɗan hau. Ka gani ko, na ce a raina. Sai dai ya cinye abincinsa tas.

Talata, 8 ga Agusta

Ina sharar ɗakin Baba na ja buhun da ke ƙarƙashin gado. Gwangwanayen madara ne da na tumatir, an wanke su, an huda kowanne, har da 'yan tsakuwa a ciki. Da hannu ɗaya ya yi wannan aikin, ban san yaushe ba, ban san da me ya huda ba.

Na kai su bola. Na gaya wa Baban Adila tarkace ne, sauro za su tara mana. Ya ce to, bai ƙara ba, mijin nan nawa ya iya shirun da ya fi faɗa ciwo.

A nan dai ba wanda zan yi wa ƙarya. Na san na mene ne. A gonar nan na girma. Idan shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suka sauko, haka ake jera gwangwani a igiya daga wannan gefe zuwa wancan, mutum ya hau rumfa yana ja yana ihu. Na san abin da Baba yake shiryawa, shi ya sa na zubar.

Laraba, 9 ga Agusta

Ya leƙa ƙarƙashin gadon. Bai tambaya ba. Da ma ya zage ni.

Litinin, 21 ga Agusta

Kaina kamar zai tsage, kwana da kwanaki ke nan. A wurin aiki Sista Kamila ta kama hannuna da ƙarfin tsiya ta ɗaura min abin awon jini. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce in kawo na mahaifina mu gwada, tana jin na fi shi. Na ce gajiya ce. Ta ce gajiyar gadin tsoho, ko gajiyar gadin kogi? Na karɓi ƙwayoyin da ta rubuta min na jefa a jaka.

Abin dariya, ina koya wa mata su rage damuwa, ni kuwa ko hadari ya taso sai in hau leƙa waya.

Baba ya rame. Rigarsa ta sallah da nake ɓalla masa maɓallinta da ƙyar, yanzu wuyan lilo yake yi. Magani ba ya wuce lokaci, abinci bisa ƙa'ida, ba na barin ya ɗaga ko buta. Me kuma ya rage ban yi ba?

Juma'a, 8 ga Satumba

Shekara guda ke nan da rasuwar Umma.

Na yi waina na raba sadaka. Da la'asar na kai wa Baba ruwan alwala, na durƙusa zan wanke masa ƙafa kamar kullum, sai ya janye ƙafar. Ya yi magana yana kallon bango. Ya ce ranar suna can bakin jingar da ke tare kogi, shi da mazan gari, suna cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa, har suna murna sun ci ƙarfinsa. "Ina can ina tare shi ta gaba, ashe ya zagayo ta baya." Ruwan ya bi ta gonaki ya shiga gari, ya jiƙa gindin ɗakinsu, bangon ya faɗo a kan Umma.

Na san labarin daga bakin mutane, daga bakinsa ban taɓa ji ba.

Ban gaya masa nawa ba. Cewa ina nan Haɗeja, hanya ta yanke, na tsaya a inda kwalta ta nutse ina roƙon masu kwalekwale, kowa ya ce ba a shiga. Aka yi mata sutura aka binne ta a tudu ba ni. Ni da nake ɗinke ciwon 'ya'yan wasu. Tun ranar na ce wanda ya rage min ba zai ƙara nisa da idona ba.

Umma, ina kewarki. Ke kin san yadda ake yi da mutumin nan. Ke faɗa kike masa ya rama, ku shirya a kan ƙwaryar fura. Ni lallaɓa shi nake yi, yana ta ƙarewa a hannuna.

Lahadi, 17 ga Satumba

Kawu ya kira ni. Tsuntsu ya sauka. Ya ce a cikin ciyawar kacala suke kwana, da safe su taso kamar hayaƙi. Shi yana jiran tasa gonar, ba shi da wanda zai tsaya a ta Baba. Na ce zan aiko a ɗauki ɗan haya. Ya ce, "'Yar nan, ɗan haya barci yake yi. Mai gona ne kaɗai ba ya barci." Na ce kogi fa? Ya ce ya cika, amma bai yi na bara ba. Na ce tukuna. Ya ce eh, tukuna.

Ban san Baba yana bakin ƙofa ba.

Laraba, 20 ga Satumba

Na dawo daga aiki ɗakinsa wayam. Na fita ko mayafi ban gyara ba, na same shi a bakin titi kusa da mai faci, zaune a kan benci yana haki. Ya sa takalmansa da kansa, ya ɓalla maɓallan rigarsa a karkace, ga sandarsa, ga leda cike da sababbin gwangwanaye. Ashe bai daina tarawa ba, wuri kawai ya sake.

Na fara faɗa. Ƙafa, rana, hawan jini, in ya faɗi fa, in ruwa ya zo fa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Nuriyya, in Allah ya yi zan mutu, a ɗakinki ma zan mutu. Ki bar ni in kori ko tsuntsu ɗaya ne tukuna."

Da sunana ya kira ni.

Na riƙe shi muka koma gida. A hanya ya fizge hannunsa ya ce zai iya. Ya kuwa iya, sannu dai.

Asabar, 23 ga Satumba

Mun zo ƙauye, ni da Baba. Mota zuwa Guri, daga nan babur, sannan kwalekwale ya tsallakar da mu. Ban saki gefen jirgin ba har muka sauka, Baba kuwa yana ta gyara wa mai tuƙi hanya. Da muka shiga gari na kau da kai daga inda ɗakin yake. Ciyawa ta rufe wurin. Muka wuce tudu muka yi wa Umma addu'a, karo na farko da na ga inda take. Na daɗe a durƙushe, ba wanda ya ce in tashi.

Na zo da jerin sharuɗɗa a kaina, na zayyana wa Inna Yakaka, matar Kawu: gishiri kaza, magani lokaci kaza, kada a bar shi a rana. Tana ta cewa to, to, tana kallon Kawu.

Rumfar gonar ta yi masa tsayi. Na ce shi ke nan, ba zai iya hawa ba, har na ji daɗi a raina. Sai ya sa Kawu ya sare ƙafafunta a rage mata tsawo, ya nuna inda za a kafa kowane turke, ya sa aka sauya igiyar yamma don iska daga can take zuwa. Kawu ya yi gardama, Baba ya ce gonar wa? Aka tattara bakin igiyoyin aka ɗaura a sanda guda, yadda hannunsa na dama zai ja su gaba ɗaya.

Da rana ta yi sanyi suka zo. Na manta yawansu. Sama ta yi duhu ta gefen kacala, sai ƙarar fukafukai, suka zubo a kan shinkafar. Baba ya ja sandar, gwangwanaye suka ɗauka gaba ɗaya, ya buɗe baki ya yi ihu. Muryar ta fito a shaƙe da farko. Ta biyu kuwa ita ce, muryar nan da na tashi da ita. Tsuntsayen suka tashi, suka yi kwana, suka sauka a ɗaya gefen. Dama haka suke, ba a gama korarsu, sai dai a hana su zama.

Ina tsaye da jakata, ina tunanin abin da ihun nan ke yi wa jijiyoyinsa. Sai ya juyo ya daka min tsawa, "Ke, tsayuwar me kike yi? Ga su can ta kudu!"

Na ajiye jakar a kan kunya na ruga. Na yi ihu, na tafa, na jefa ɓurɓushin laka, takalmina ɗaya ya maƙale na bar shi. Ihun da na yi ya fi ƙarfin tsuntsu, na sani. Wani ihun na ranar da na tsaya a bakin kwalta ne. Ba wanda ya lura, kowa ihu yake yi.

Da magariba ya ci tuwon Inna Yakaka har da ƙari. Na ɗanɗana miyar. Da gishiri, amma kaɗan. Na ƙyale.

Lahadi, 24 ga Satumba

Gobe akwai aiki, dole na juyo. Na so in ba Inna Yakaka ƙwayoyin Baba, sai Baba ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya tambayi wacce ce ta safe, wacce ce ta dare, ya maimaita, ya zura a aljihun gaba. Ya ce duk ranar kasuwa zai je a auna shi a Guri, in ya ga dama.

Kogin yana nan cike. Na dube shi har muka tsallake, bai rage ko kaɗan don na dube shi ba. Muryata ta dishe.

Alhamis, 28 ga Satumba

An yi ruwa. Na kira Kawu sau ba adadi, ya ce in na ƙara kira zai jefa wayar a fadama. Na shiga ɗakin Baba na share, ba abin sharewa.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Baba ne ya kira, da kansa, da wayar Kawu. Ko gaisuwa bai gama ba ya hau faɗa. Tsuntsaye sun cinye masa gefen kudu kusan duka, igiyar da Kawu ya sayo ruɓaɓɓiya ce, maƙwabcinsa yana koro masa nasa da gangan. Ya tsine wa jan-baki har kakanninsu. Na zauna a bakin gado ina dariya ba sauti, hawaye na zuba. Baban Adila ya leƙo, na yi masa alama lafiya.

Ina ta jira ya yi numfashi in tambayi magani. Da ya yi, sai na ji kaina ina tambaya yaushe za a yanka shinkafar. Ya ce nan ba da daɗewa ba, in ruwa ya bari, in bai bari ba kuma shi ke nan, ya dai yi nasa.

Har zai kashe, sai ya ce, "Nuriyya, ke fa? Mijinki ya gaya wa Hamman an rubuta miki magani. Kina sha?"

Na ce ina sha.

Da ya kashe na zazzage jakar na nemo su, suna can ƙasa ko ɓare su ban yi ba. Na sha ɗaya. Ya ce zai sake tambaya ranar kasuwa, kuma na san halinsa.