Wuce Gaba Ka Sha Iska

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya gwiwar taka? Na san kunnenka ya daina shiri da waya, shi ya sa na ɗauki biro, don maganar nan ba ta ihu ba ce.

Ka tuna tsohon kekenka na tsere da ka bar mini a rataye a shagon askina? Da likita ya ce in rage tumbi sai na sauko da shi, aka sa masa sabbin tayoyi, na shiga ƙungiyar masu tseren keke da ke haɗuwa a bakin gada kowace Asabar. Na sha faɗuwa kafin na saba da takalmin nan mai maƙalewa a feda, amma ban damu ba.

Jiya aka yi tserena na farko. Muna tashi, shugaban ƙungiyar, wanda suke kira Kyaftin, ya matso kusa da ni da fara'a ya ce, "Baƙonmu, wuce gaba ka sha iska." Wallahi Yaya na ɗauka karramawa ce, irin ta a ba baƙo kujerar bakin taga. Na wuce gaba ina taka feda kamar zan tsinke cen, kowa yana bayana, kaina sai fasuwa yake. Ashe na gaba shi ke fasa iska, na baya kwance suke a inuwarsa suna hutawa. Da muka hango layin ƙarshe ƙafafuna sun zama tsumma, suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, Kyaftin har da ɗaga mini hannu.

A gaban kowa ya raɗa mini suna Labule, wai ni na tare musu iska. Kafin in isa shago sunan ya riga ni. Yau wani da na yi shekaru ina yi wa aski ya zauna ya ce, "Labule, a rage gefe." Na ji kamar in rage masa kunne.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma sai na rama. Kai ka san harkar, ka koya mini.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, kowa yana lafiya, gwiwa kuma tana nan yadda ka san ta. Ka gaida maman yara.

Na karanta na yi dariya har Antinka ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Ka yi haƙuri, amma rashin sani ya fi dare duhu. A bakin 'yan keke shan iska ba hutu ba ne, shi ne aikin jaki. Ƙa'idar ita ce kowa ya ɗan ja gaba, in ya gaji sai ya karkaɗa gwiwar hannu, na bayansa ya karɓa. Wanda ya bar sabon shiga a gaba tun daga tashi har sauka bai kyauta ba, wannan kam gaskiyarka ne.

Amma batun ramuwa ka ajiye shi. Don lafiyarka ka hau keken nan, ba don faɗa ba, kuma kai magidanci ne. Ka koyi bin taya: tayarka ta gaba kusa da ta bayan mutum, tazarar kamar tafin hannu, idonka a kafaɗarsa, ba a ƙasa ba. Ka riƙa kurɓar ruwa tun kafin ka ji ƙishi. Suna kuwa, in ka daina jin haushinsa zai mutu da kansa.

Ka riƙa shafa wa cen mai, keken nan ba ya son ƙazanta.

Naka, Yaya

*

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan an tashi lafiya. Shawararka ta zo a makare, don na riga na yi aika-aika.

Ranar Asabar Kyaftin ya tsaya yana shafa kekenka yana cewa irin wannan akwala bango ya dace da ita, ba titi ba. Na ce akwalar za ta riga shi shiga layi a tseren ƙarshen wata. Ya yi dariya yana murza gashin bakinsa. Ka ga gashin bakin nan, Yaya, kamar ƙahon keke, har mai yake shafa masa, kuma yana da tabo a haɓa wanda in yana jin kansa yakan riƙa taɓawa. Kafin in ankara mun ƙulla a gaban 'yan ƙungiya: in na riga shi, zai zauna a kujerata in aske gashin bakin. In ya riga ni, keken ya zama nasa.

Na san keken ba nawa ba ne. Maman yara ta ce ban da hankali, kuma ban musa ba. Amma ko a barci gashin bakin nan nake gani, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Ka yafe mini.
Auta

*

Auta,

Amin, wa'alaikumus salam. Da na fara karanta takardarka niyyata in zazzage ka, don ba a sa kayan wani a irin wannan. Sai na zo kan tabon haɓa, na cire tabarau na goge na sake karantawa.

Na san mutumin nan. Lokacin kana ƙarami mun yi tsere ni da shi, da keken nan na wuce shi a kan layi, ya yi ƙoƙarin tare ni ya kife, a nan ya samu tabon. Da gwiwata ta lalace, ina kwance a asibiti, ya zo dubiya. Bai tambayi jikina ba, cewa ya yi in sayar masa da keken tunda ni dai na gama. Na ce ko zai ruɓe a rataye ba zai hau shi ba. Ba kai yake nema ba, Auta, keken ya gane tun ranar da ka fara zuwa.

Don haka ka manta da wa'azin da na yi maka, na janye shi.

Ga yadda za ka yi. Ba za ka fi shi ƙarfi cikin wata ɗaya ba, kada ma ka gwada. Daga tashi ka manne wa tayarsa kamar kaska. Zai karkaɗa gwiwar hannu, ka yi kamar ba ka gani ba, ai kai sabon shiga ne. Zai zage ka, ka kurɓi ruwanka. Zai rage gudu don ka wuce, kai ma ka rage. Mutum ne mai saurin fushi, in ya fusata yakan zubar da ƙarfinsa tun da sauran tafiya. Kada ka fito sai ka ga farin layi da idonka, sannan ka miƙe tsaye a kan feda ka ba shi duk abin da ka tara.

Shekaru na yi ina haɗiye maganar nan ta asibiti, kuma har yau tana ci mini rai. Kada ka bar masa ko gashi ɗaya.

Allah ya ba da sa'a.
Yaya

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ka gaida Anti, ka ce ta kawo maka ruwa kafin ka karanta.

Na yi yadda ka ce. Ya karkaɗa gwiwar hannu har na ji tsoron za ta gurɗe. Ya waiwayo ya ce, "Labule, karɓi gaba mana." Na ce, "Haba Kyaftin, wane ni. Kai dai sha iskarka." Ashe ba mu wanzamai kaɗai ba ne ba ma son jarfa.

Ya ƙara wuta a hawan gada don ya yakice ni, na ga taurari amma ban saki ba. Sai ya koma rage gudu, ni ma na rage, har wata mata mai keken kai yara makaranta ta wuce mu tana kallonmu. Sauran 'yan tsere suka tafi suka bar mu mu biyu muna hararar juna. Da ya farga ya shiga kora, ni kuwa ina kwance a bayansa. Da farin layi ya bayyana na miƙe, na ji kekenka ya zabura kamar shi ma yana da tsohon haushi. Da rabin taya na riga shi.

Kada ka tambayi na nawa na zo. Ni ne na biyun ƙarshe, shi ne na ƙarshe, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Washegari 'yan ƙungiya suka rako shi shago, har bakin ƙofa a cike. Ya zauna, na ɗaura masa kyalle, na shafa kumfa a hankali. Ta madubi ya hango keken a rataye a bayansa. Na aske ɓangaren dama tas, na goge aska, na kwance kyallen. Ya ce in ƙarasa. Na ce, "Tashi ka fita ka sha iska."

Ya ce ba haka aka yi ba. 'Yan ƙungiya suka ce ai ba a ce sai an aske a zama ɗaya ba, kuma in ya taɓa ragowar da hannunsa ya karya alkawari, sai ya sauka daga kyaftin. Yanzu da takunkumi yake yawo wai mura yake yi.

Yaya, rabin nan ba nawa ba ne. Rabonka da shagona tun ranar da ka kawo mini keken ka juya ba ka ko waiwaye shi ba, kuma na san ganinsa ne ba ka so. Ɓangaren hagu yana nan na ajiye maka. Ranar Asabar zai dawo kujera.

Sai na ji daga gare ka.
Ƙanenka, Labule

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ban taɓa riƙe aska ba a rayuwata, kuma hannuna yana ɗan rawa. Ka tabbata ka gaya masa haka tun yau.

Ka sauko da keken ka goge shi. Ina hanya.

Yaya