Haihuwar Da Ba a Harba Wa Bindiga Ba

Zuwa ga Baban Hila, a kasuwar kayan miya ta Peshawar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da bayanka da ke maka ciwo, da mutanen ɗakinku. Mu nan lafiya, Baba da Inna da Hila suna gaishe ka. Yaya Marjana ungozoma ce ke rubuta mini. Ta ce in ta sauka asibiti ran Asabar za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka a waya, tunda an rufe hanyar kan iyaka. Kada ka ba kowa ya karanta maka. Ka haɗa baƙin da kanka, ko zai kai ka kwana biyu.

Na sauka, yau kwana tara, da hantsi. Na san Baba ya sa an aika maka cewa mace ce. Ba mace ba ce. Namiji ne.

Tsaya ka ji ni kafin ka yi fushi.

Ka san gidan Gul Wali na bakin rafi. Watan jiya matar ɗansa Breshna ta haifi namiji bayan la'asar. Mazan gidan suka hau soro suna harbi sama yadda aka saba in an haifi namiji. Mu ma muka yi murna, Inna har ta fara laluben mayafinta za ta je barka. Ba ta gama sa takalmi ba sojojin kan tudu, na bayan shingen waya na kan iyaka, suka amsa. Wai su aka harba wa. Mutum shida suka rasu, har da jaririn. Breshna kaɗai aka ciro da rai.

Daga nan namu suka harba, nasu suka harba, jirage suka zo. Sai rediyo ta ce manyanmu da manyansu sun tafi ƙasar Larabawa sun zauna, an tsayar da wuta. Liman ya ce kada wanda ya harbi ko tsuntsu. Baba ya ce masa a gaban mutane, "Musulmi ne su, Musulmi ne mu, sun san harbin haihuwa. Jikana ba zai shigo duniya a saɗaɗe kamar ɓarawo ba." Harsashi talatin ya ɓoye a buhun garin alkama tun cikina yana wata huɗu. Kullum na ɗebi gari sai hannuna ya taɓa su.

Ranar da na haihu, da Yaya Marjana ta ɗaga jaririn na ga namiji ne, ina jin tarin Baba a tsakar gida, yana jira. Inna tana bakin murhu, ka kuma san idonta ba ya gani sosai. Na damƙe hannun Yaya. Ita ta leƙa waje ta ce, "Haji, an ƙara mai ɗebo ruwa." Ya ce, "Wata kuma?" Ya shiga ɗakinsa.

Na naɗe shi tam na ɗaure yadda ake yi wa jarirai, ba mai kwance shi sai ni. Baba ya yi masa kiran salla a kunne, ya sa masa sunan tsohuwarsa, Sherbano. Akuya ɗaya aka yanka.

Garin nan ba yadda ka bar shi ba ne. Karnuka sun daina haushi. Jirgin nan marar matuƙi da muke cewa zanzaro yana ƙugi tun safe har yamma, ba a ganinsa. Ba mai hawa soro shanya, masararmu tana fumfuna a ɗaki. Yaron kuma ba ya kuka. Idonsa na kan rufi, yana bin abu daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai can daga baya ni in ji ƙugin.

Ka yafe mini. Ka riƙa ɗaure bayanka kafin ka ɗauki buhu.

Matarka,
Zarlashta

Zuwa ga Baban Hila.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da sanyin can. Nan ƙanƙara ta fara sauka kan duwatsu. Kowa lafiya.

Yaya Marjana ta kunna mini muryarka a bayan turken akuya. Na ji ka yi kuka, kada ka ce mura ce. Na ji kuma ka ce in gaya wa Baba, wai za ka kira shi ka roƙe shi kada ya harba. Baban Hila, yaushe Baba ya taɓa jin maganarka? Ranar da ka ce kada ya sayi saniyar nan mai tari, da me ya shigo gida da yamma? In ma shi ya haƙura, 'ya'yan ƙanensa fa? Su biyar ne, kowa da bindigarsa, rabonsu da harbi wata guda, hannunsu ƙaiƙayi yake. Kai kana can cikin garin masu tudun. Ni ce a ƙarƙashinsa.

Akwai abin da nake so in gaya maka. Yaya ta ce in bari, na ce ta rubuta.

Breshna tana zaune yanzu a gidan gwaggonta, bayan namu. Kullum bayan azahar sai ta shigo ba sallama ta zauna a bakin ƙofata. Nono yana jiƙa mata riga har yanzu. Ba wanda ya gaya mata komai, ba ta taɓa ganin yaron tsirara ba. Amma ba ta ce masa Sherbano. Atal take kiran shi, sunan da za a sa wa nata.

Shekaranjiya Baba yana shan shayi a rana, ta dube shi ta ce, "Haji, yaron nan goshinka ya ɗauko." Baba ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, 'yata," ya ci gaba da hura shayinsa. Sai ta juyo gare ni, a hankali, kamar mai faɗin farashin gishiri, ta ce, "Ba a harba masa ba, ai bai iso ba tukuna. Ƙafarsa ɗaya tana can wurin nawa."

Tun ranar nake taɓa ƙafarsa. Ta hagu ta fi sanyi. Yaya ta ce duk jarirai haka suke, wai in daina. Jiya na juya in cire gurasa daga tanderu, na dawo na same shi a ƙirjin Breshna. Yana sha, idonsa a rufe. Wurina bai taɓa rufe ido yana sha ba. Na tsaya da gurasa tana ƙona mini hannu, na kasa karɓar ɗana.

Rediyo ta ce an ƙara wa zaman manyan kwana biyu, sannan an ƙara bakwai, yanzu wai sun tashi daga wancan gari sun koma wani. Inna ta ce, "Wannan zaman nasu ya fi na mai jego." Baba bai yi dariya ba. Inna kuma ta ce kafin arba'in za ta huda wa Sherbano kunne yadda ta yi wa Hila. Ta sa an sayo allura da baƙin zare.

Ka yi mana addu'a. Kada ka kira Baba.

Matarka,
Zarlashta

Zuwa ga Baban Hila.

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Muna nan da rai dukanmu. Wannan gajera ce, Yaya tana sauri, akwai mai naƙuda a gangare.

Ka ce in ƙirƙiro dalili. Na ƙirƙiro. Na ce tana zazzaɓi, Inna ta taɓa goshin ta ce ƙarya ne. Na ce a jira ka dawo, ta ce, "In jira wanda ya kasa tsallake waya? Sai ta yi furfura ba ɗan kunne." Mako biyu ina ja.

Ran Alhamis rediyo ta ce manyan sun tashi ba su sa hannu ba, amma wuta tana nan a tsaye sai yadda hali ya yi. Ran Juma'a da safe muka ga ƙarin motoci a kan tudu, gilasansu suna walƙiya. Da hantsi Inna ta shimfiɗa tabarma a rana ta ce in kawo ta.

Na fito da shi da niyyar in faɗa. Wallahi maganar tana bakina. Sai na ga Baba zaune a ƙofar ɗakinsa, na san abin da Inna ta ji Baba ya ji, abin da Baba ya ji kuma tudu zai ji kafin azahar. Na zauna.

Inna ta kasa zura zaren. Breshna ce ta miƙo hannu ta zura mata. Ni na riƙe kansa, Baban Hila. Da hannuna biyu na riƙe. Inna ta laluba da yatsa ta soka.

Ya yi kuka. Kwana talatin da shida ban ji muryarsa ba sai ranar. Ya tsala ihu har kajin maƙwabta suka watse. Baba ya ce, "Wannan 'ya da murya kamar ladan." Ni kuwa sama nake kallo, ina jira a amsa daga tudu. Ba a amsa ba. Inna ta juya shi ta huda ɗayan.

Breshna ta tashi ta karkaɗe zaninta ta ce, "To, ya zama naki." Ta fita. Ba ta sake shigowa ba. Yanzu yana kuka kamar kowane jariri, ƙafarsa ma ta yi ɗumi, ban sani ba ko in yi murna.

Ɗanka yana da rai, da baƙin zare a kunnuwansa biyu. Yaya ta ce hujin yakan toshe in an cire zaren, amma tabon yakan zauna. In ya girma yara suka yi masa dariya a masallaci, ka ce masa uwarsa ce ta yi. Ranar da aka buɗe hanya ka zo da ƙafarka, ka kwance shi da hannunka a gaban Baba, sannan ku yi mini duk abin da za ku yi. Kafin ranar, ko Baba ya kira ka, 'ya gare ka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka zaɓa masa suna ka turo, ka faɗa da bakinka in ji. Ina so in sami abin da zan riƙa raɗa masa in muna mu biyu. Ka yi sauri, don ya fara juyo da kai in an ce Sherbano.

Ina gaishe ka da kyau.

Matarka,
Zarlashta