Muryar Inna a Kwamfuta

Daura, Laraba, watan Rajab

Ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya sanyin ƙasar da kake? Ina fatan Hajara da yara suna lafiya. Ni sai godiya, ni kaɗai a gidan.

Har yau ban huce ba. Kai ka dage aka juye kaset ɗin marigayiya Inna a kwamfutar tebur da ka aiko, ka ce kaset tsohon yayi ne, ka sa aka zubar. Duk karatuna ka maishe ni baƙauye, na biye maka.

To, makon jiya kwamfutar ta ƙi tashi. Na ɗora ta a babur zuwa wurin mai gyara. Ya ce ma'ajiyarta ruwa biyu ce, rabi faifai mai juyawa, rabi ƙwaƙwalwa, kuma sun daina jituwa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, daga baya ya ce, "Baba, za ta tashi, amma sai an goge komai." Na yarda, ya goge.

Ka gaida yara, ku sa ni a addu'a. Kwamfuta tana aiki garau. Muryar Inna tana jero kakanninmu na Zango, wadda nake kunnawa bayan la'asar, ita ce babu.

Yayanka,
Lawal